Kyamarar ribas a tsohuwar Nissan Leaf: inda za ka jona, da inda ba za ka taɓa ba

A bidiyon wannan makon mun nuna yadda ake saka kyamarar ribas a motar lantarki, amma a bidiyo hannu ke aiki, ba a samun sararin tsayawa a faɗi dalili. To ga dalilan a rubuce.

Motar da muka ɗauka misali ita ce Nissan Leaf ta farko, wadda aka yi daga 2010 zuwa 2017, domin a nan Ingila tana cikin motocin lantarki na hannu mafi araha. Samfurin Acenta da Tekna sun zo da kyamara, amma Visia, wato ƙaraminsu, bai zo da ita ba. A Amurka tun watan Mayun 2018 doka ta tilasta wa kowace sabuwar mota zuwa da kyamarar baya, sai dai dokar ba ta shafi tsofaffin da ke yawo a kasuwa ba. Kuma motar lantarki ta fi buƙatarta. Ba ta da ƙarar inji, yaron da ke wasa a bayanta a ƙofar gida ba lallai ya gane ta tashi ba, kai kuma madubi ba zai nuna maka abin da ke ƙasa da gilashin baya ba.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce, ba za ta ja ni ba? Motar lantarki batir biyu gare ta. Akwai babban da ke shimfiɗe a ƙarƙashin mota, wanda a Leaf ƙarfinsa ya kai wajen 360V, shi ke juya taya. Akwai kuma ƙaramin batir na 12V a cikin bonet, irin na kowace motar fetur, shi ke riƙe fitilu, rediyo da kwamfutocin motar. Kyamararka da ƙaramin kawai take hulɗa. Wayoyin babban batir an yi su kalar ruwan lemo da gangan don kowa ya gane su. Ka ga waya ruwan lemo, kar ka yanka, kar ka ja, kar ka ɗaure wayarka a jikinta. Kuma kar ka huda ƙasan mota don neman hanyar waya, batir na wajen.

Abin da ya fi kama mutane ba jan wuta ba ne, ƙaramin batirin ne. Motar lantarki ba ta da altaneta. Babban batir ne ke cajin ƙaramin ta wata na'ura da ke rage ƙarfin wuta zuwa daidai da shi, kuma galibi sai mota tana kunne take yin hakan sosai. Shi kuma ƙaramin, shi ne ke kunna makunnan da ke haɗa babban batir da sauran mota. Ma'ana idan 12V ya mutu, ko babban batir na cike taf, mota ba za ta tashi ba. Don haka idan ka jona kyamara ko allonta a layin da ke da wuta dare da rana, ka bar mota kwana biyar ka yi tafiya, kana iya dawowa ka tarar ko ƙofa ba ta buɗuwa da rimot. Layin da za ka nema shi ne wanda wutarsa ke ɗaukewa da zarar an kashe mota. Mita za ta nuna maka shi a akwatin fiyus, kar ka yi canki-canki.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki wuta daga wayar fitilar ribas: ka sa ribas, fitila ta kama, kyamara ta kama. A nan akwai abin lura. A motocin lantarki da yawa giyar ribas ba ta shiga sai mota tana READY, wato a shirye take ta motsa. Don haka lokacin neman wayar da mita, a sa birkin ajiya, wani ya zauna ya take birki, kai kuma ka tsaya a gefe, ba a bayan mota ba. Idan ka gano wayar ka sa mata alama, sai a kashe mota, a zare wayar caji idan tana jone, a kwance kan negatif na ƙaramin batir, sannan a fara haɗi.

Wani lokaci za ka gama komai tsaf, hoto ya riƙa rawa ko yana ɗaukewa yana dawowa. Kafin ka zagi kyamara ka mayar wa mai ita, duba wutar. Motocin zamani da dama ba sa aika wa fitila wuta a miƙe, kwamfuta ce ke kunnawa tana kashewa da sauri sosai, ido ba ya gani amma kyamara na ji. Maganinsa rile, wannan ɗan akwatin mai ƙafa huɗu ko biyar da masu wayarin mota suka sani. Ƙafa ta 86 ta tafi wayar fitilar ribas, 85 ta tafi jikin ƙarfen mota, 30 ta ɗauko wuta mai kyau daga layin da ke mutuwa da mota ta cikin ƙaramin fiyus, 87 kuma ta kai wa kyamara. Fitila ta zama mai ba da umarni kawai, ba ita ke ciyar da kyamara ba. Ni a ganina, ko hoto bai yi rawa ba, rile ya cancanci kuɗinsa.

Mai waya ko marar waya? Marar waya na da daɗin sakawa, amma yawancinsu a zangon 2.4GHz suke aiki, inda Wi-Fi da Bluetooth ke cunkushe, kuma masu arha a cikinsu sukan yi jinkiri ko hoto ya tsaya cak. Daƙiƙa ɗaya a ribas ba wasa ba ce. Idan dole sai marar waya, ka sayi ta dijital. In ba haka ba ka daure ka ja waya. Wahalar duk tana wuri ɗaya, wato ratsa wayar ta cikin robar nan da ke haɗa murfin but da jikin mota. Ɗan ruwan sabulu da haƙuri ke fitar da ita. Daga nan sai ta bi ƙarƙashin robobin gefen ƙofa har gaba.

Wajen saye, da yawansu ba su kai fam 50 ba, amma ka tabbatar kyamara da allo yarensu ɗaya. Kyamarar AHD ba za ta nuna a allon da CVBS kaɗai ya sani ba, sai dai ka ga baƙi ƙirin, shi ya sa sayensu tare ya fi kwanciyar hankali. Ka nemi mai IP67 ko IP68, ruwan Ingila da gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi ba sa raga wa ta banza. Masu cewa kusurwa 170 kuwa, a sani cewa faɗin na zuwa da lanƙwasa hoto, abu ya yi kamar yana nesa alhali ya matso. Bayan ka saka, ajiye bokiti a bayan mota a tazarar mita ɗaya, ka ga inda ya faɗo a layukan allon, ka riƙe wannan a kai.

Saura biyu na doka. Kar kyamara ko marikinta su rufe ko harafi ɗaya na lambar mota, laifi ne a nan. Sannan ka sanar da kamfanin inshorarka ka ƙara wa mota wani abu, domin wasunsu na lissafa shi a matsayin sauyi, kuma gara su ji daga bakinka yau da su gano ranar da ka kai musu ƙorafin haɗari. Idan kuma motar ta haya ce ko kana kan biyan kuɗinta kashi-kashi, karanta yarjejeniyarka kafin ka huda komai.