Kimiyya a Yau: Harsashi Nawa Doka Ta Yarda Maharbi Ya Ɗura?

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi maharba da bindigoginsu, da wata doka wadda a kallon farko za a ce ƙarama ce. A ƙasashe da yawa na Turai da Amurka, ko da mutum yana da lasin riƙe bindiga, yana kuma da takardar izinin farauta, ba shi da ikon ɗura mata harsashi yadda ya ga dama in za shi daji. Hukuma ta ƙayyade masa adadi: wani wuri 3, wani wuri 5, wani wuri 6. Wanda ya ƙetare haddi a kan ci shi tara, wani lokaci har a ƙwace bindigar. Dokar ta fi tsanani a kan irin bindigar nan mai ɗura wa kanta harsashi, saboda haka ya kamata a fara da bayanin yadda ta ke aiki.

Masu sauraro da yawa sun san bindigar gargajiya, wadda a ke kira harbi-ka-ruga. Maharbi ya kan zuba albarushi ta baki, ya danna tsumma, ya sa dalma, ya sake dannawa da sanda. In ya harba sau ɗaya ya kuskure, shi ke nan, kafin ya sake ɗuri naman ya yi nisa. Bindigar zamani kuwa harsashinta a haɗe ya ke: albarushi da dalma duk suna cikin kwanso guda na tagulla. A ƙarƙashinta akwai wani ɗan akwati da a ke jera harsasai a ciki, shi ne gidan harsashi, da sifirin a gindinsa mai tura su sama ɗaya bayan ɗaya. A yawancin bindigogin farauta, bayan kowane harbi sai maharbi ya sa hannu ya ja sakata baya, kwanso ya faɗo, ya mayar da ita gaba ta ɗauko sabon harsashi.

Bindiga mai ɗura wa kanta ta ɗauke masa wannan aiki. Sa'ad da aka ja kunama, albarushi ya kan ƙone farat ɗaya ya zama iska mai zafi, wadda ƙarfin matsinta a cikin babbar bindiga ya kan wuce tan 20 a kan kowane inci murabba'i. Iskar nan ce ke kora dalma waje da gudun da ya kai kusan rabin mil a daƙiƙa guda. To, maƙera suka lura cewa wani kashi na ƙarfin nan tafiya ya ke a banza, suka nemi hanyar sa shi aiki. Waɗansu suka huda ƙaramar kafa a jikin bututun bindiga, domin ɗan iskar ta bi ta nan ta tura wani ƙarfe baya, shi kuma ya ja sakata. Waɗansu suka yi amfani da naushin nan da bindiga ta kan yi wa kafaɗar mai harbi, gama masana sun tabbatar tun zamanin Ishaku Niyuton cewa duk abin da ya tura wani abu gaba, shi ma sai an tura shi baya daidai gwargwado. Ko ta wace hanya, a cikin misalin kashi ɗaya daga goma na daƙiƙa kwanso ya fita, sabon harsashi ya shiga. Amma a lura: jan kunama ɗaya, harsashi ɗaya. Ta sha bamban da bindiga mai sarrafa kanta ta sojoji, wadda ta kan yi ta zuba muddin yatsa yana kan kunama. Waccan galibi an hana farauta da ita a ƙasashen da za a ambata.

Wanda ya fi kowa suna a wannan ƙira shi ne wani Ba'amurke, John Browning. A 1900 ya yi rajistar bindigar harbin tsuntsaye mai ɗaukar harsashi 5, aka shiga ƙera ta a ƙasar Beljik. A 1906 kuma kamfanin Remington ya fito da wata ƙirarsa ta harbin manyan namun daji.

Bindigogin nan sun fito ne a lokacin da mutanen Amurka su ke cikin nadama. Ɓaunar ƙasarsu, wadda a dā a ke ƙidaya ta miliyoyi, kafin 1890 saura 'yan ɗaruruwa a daji. Akwai kuma wata irin tattabarar daji wadda garkenta ya kan rufe rana in yana wucewa. 'Yan kasuwar nama suka yi ta kashe ta da raga da bindiga suna loda wa jirgin ƙasa, har ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na birnin Sinsinati a 1914. Ba sababbin bindigogin ne suka yi wannan ɓarna ba, amma masu kishin namun daji suka ce, in an yi haka da tsohon makami, ina ga sabo? Jihar Fensilbaniya ta hana farauta da su tun 1907. A 1916 Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Ingila, a madadin Kanada, domin kare tsuntsaye masu ƙaura. Da aka yi babban fari a shekarun 1930, fadamun da agwagin daji ke ƙyanƙyasa suka bushe, yawansu ya ragu ƙwarai. Saboda haka a 1935, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, aka kafa doka cewa bindigar harbin irin tsuntsayen nan kada ta iya ɗaukar fiye da harsashi 3. Mai bindiga mai cin 5 tilas ya cusa toshi na itace ko roba a gidan harsashi, irin wanda ba ya fita sai an kwance bindigar.

Mai sauraro zai iya tambaya, tun da an riga an ƙayyade yawan tsuntsayen da maharbi zai kashe a rana, mene ne amfanin ƙidaya masa harsashi kuma? Amsar tana cikin ɗan lissafi. Bindigar tsuntsaye tana watsa ƙananan ƙwayoyi ne, ba su kuwa kashewa sosai in nisa ya wuce misalin yadi 40. Agwagwar daji mai gudun mil 40 a sa'a tana cin kusan yadi 20 a kowace daƙiƙa. Watau kafin a yi harbi na uku ta kusa fita daga inda ƙwayoyin ke da ƙarfi. Harbi na huɗu da na biyar ba safai su kan kayar da ita ba, sai dai su karya mata ƙafa ko su shiga cikinta, ta tafi ta mutu cikin ciyawa bayan kwanaki. Ma'aikacin daji yana iya ƙidaya abin da ke cikin jakar maharbi, amma wanda ya tsere da rauni ba ya shiga lissafin kowa. Haka ya ke ga barewa: harbin farko, sa'ad da ta ke tsaye, shi ne mai kyau. Na bayansa duk a guje a ke yi mata su, cikin gaggawa. Ga kuma haɗari ga mutane, domin dalmar babbar bindiga in ta kuskure tana iya tafiyar fiye da mil 2 kafin ta faɗi.

Game da manyan namun daji, a Amurka kowace jiha ita ke yin dokarta. A Mishigan da Kolorado an tsai da harsashi 6, a haɗa da wanda ke cikin bututu. Teksas ba ta sa iyaka ga mai harbin barewa ba. Fensilbaniya ta sassauta a 2017, ta yarda a harbi ƙananan dabbobi da irin bindigar nan, amma a lokacin ba ta yarda da ita ga barewa da sauran manya ba.

Turai ta fi tsanantawa. A 1979 aka sa hannu kan wata yarjejeniyar kare namun daji a birnin Bern na Suwizalan, wadda ta lissafa bindiga mai ɗura wa kanta, in gidan harsashinta ya wuce cin 2, cikin haramtattun hanyoyin kisa. Biyu a gida, ɗaya a bututu, 3 ke nan. A wannan shekara kuma ƙasashen Tarayyar Turai suka sa irin wannan sharaɗi cikin dokarsu ta tsuntsaye. Abin ya shafi Afirka ta Yamma, domin waɗansu agwagin da a ke gani lokacin hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Cadi, daga Turai su ke zuwa, suna ƙetare Hamada kowace shekara. Wanda ya tsira daga maharbin can shi ke sauka a can kudu.

A Jamus har an kai maganar gaban alƙalai. Cikin Maris 2016, babbar kotun da ke birnin Laifzik ta yanke cewa bindigar da a ke iya cire wa gidan harsashi a sa mata babba ta saɓa wa doka, ko da ƙarami aka sa mata. Maharba da yawa suka wayi gari da bindigogin da ba su da ikon fita da su. Kafin shekarar ta ƙare majalisa ta gyara dokar, ta ce abin dubawa shi ne abin da aka ɗura: kada ya wuce 3 gaba ɗaya.

Akwai ƙasashen da dalilinsu tsaron rayukan mutane ne. A Ingila, bayan wani mutum ya harbe mutum 16 a garin Hangafod a 1987, dokar 1988 ta hana jama'a mallakar manyan bindigogi masu ɗura wa kansu, sai 'yar ƙaramar nan ta harbin zomo. A Kanada, bayan an kashe mata 14 a wata makarantar injiniya ta birnin Mantiriyal a 1989, dokar 1991 ta tsai da gidan harsashin irin bindigogin nan a kan cin 5, ko a daji ko a gida.

Su ma masu ƙin iyakar suna da hujjarsu. Sun ce saurin harbi na biyu rahama ne ga dabbar da ta ji rauni, gama a kan gama da ita nan take. Sun ce kuma bindigar ba ta naushin kafaɗa da ƙarfi, saboda haka tsofaffi da marasa ƙarfi sun fi iya saiti da ita. Masu goyon bayan doka su kan amsa cewa harsashi 3 sun isa wannan bukata, wanda kuwa bai tabbata da saitinsa ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hukuma ma ta kan sassauta in dabba ta yi yawa. A 1999 Amurka ta yarda a cire toshi a wani lokaci na musamman domin rage wata farar ɗinya, wadda ta yawaita har tana cinye tsiron gaɓar tekun arewacin Kanada inda ta ke ƙyanƙyasa.

Ga masu sauraro mazauna ƙasashen nan waɗanda ke sha'awar farauta, abu uku ya kamata su bincika kafin su fita. Na farko, shin adadin da doka ta faɗa na gidan harsashi ne kaɗai, ko har da na cikin bututu? Na biyu, abin da aka ɗura a ke dubawa, ko abin da gidan ke iya ɗauka? A inda a ke duba na biyun, mutum yana iya yin laifi ko da harsashi ɗaya tak ya sa. Na uku, wace dabba a ke nema, kuma a wace jiha? Hukumomin daji su kan buga littafin ƙa'idodi sabo kowace shekara, kuma na bana shi ne ma'aikacin daji zai bi in ya tare maharbi a hanya.