Na'urar Matse Sauti da Makomar Kotso a Situdiyon Gida

A 'yan shekarun nan samari da yawa a Gusau da Tsafe da Bungudu sun mayar da ɗakunansu situdiyo. Kwamfuta ɗaya, makirufo biyu ko uku, fiyanon Yamaha, sai katifa da aka jingina da bango don ta shanye amsa-kuwwa. Ba wanda zai ga laifinsu. Zuwa Kano a ɗauki waƙa a Zoo Road yana cin kuɗi, hanyar Tsafe zuwa Funtuwa kuma kowa ya san halin da take ciki. Makaɗin da ke zaune a Bilbis ya fi son ya tara yaransa a ɗakin da ke kusa, a gama kafin la'asar kowa ya koma gida.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata na'ura da ta fara shiga waɗannan ɗakuna, wadda masu sana'ar ke kira kwamfuresa. Aikinta matse tazarar da ke tsakanin sauti mai ƙarfi da mai rauni. Ana yanka mata iyaka, duk abin da ya haura iyakar sai ta danne shi gwargwadon da aka umarce ta. Idan an saita ta a kan 4 bisa 1, sautin da ya wuce iyaka da desibel 8 zai fito da 2 kacal. Akwai maɓallin da ke ƙayyade saurin kamunta, akwai na saurin sakinta. Wadda nake magana a kai ita ce mai layuka da yawa a akwati guda, kamar Behringer MDX4600 da dbx 1046 masu layi huɗu, ko PreSonus ACP88 mai takwas. Wanda ba shi da kuɗin akwatin yana samun irin aikin a cikin manhajar Cubase ko FL Studio.

Duk wanda ya saurari Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ko Sa'idu Faru, ya san waƙar fada ba murya ɗaya ba ce. Akwai jagora, akwai 'yan amshi masu karɓa da ƙari, akwai kotso, ga kuma sanƙira da ke kutsowa da kirari. Kowannensu da irin numfashinsa. A waƙar da Ɗanƙwairo ya yi wa 'Yandoton Tsafe, jagora kan sauke murya kamar mai raɗa, sai amshi ya taso gaba ɗaya kamar an buɗe dam. Wannan hawa da sauka shi ne rabin daɗin waƙar. Na'ura mai layi huɗu kamar don irin wannan ƙungiya aka ƙera ta: jagora layinsa, amshi nasu, kotso nasa, sanƙira nasa, kowa a yi masa linzami daidai bakinsa.

Sai dai abin da nake ji a wayoyin ɗalibaina ya sha bamban. Wani daga cikinsu, ɗan yankin Bilbis, ya kawo mini waƙar da aka ɗauka wa wani dattijon makaɗi a irin wannan ɗaki. An zuba komai a tukunya ɗaya, sannan aka matse. Sakamakon shi ne duk lokacin da kotso ya buga da ƙarfi, na'urar sai ta danne kowa da kowa, har da jagoran da bai yi laifin komai ba. Muryarsa na nutsewa tana tasowa kamar mai koyon iyo. A Hausa wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin harshe ne da tsawon wasali ke sauya ma'ana a cikinsa. Gaɓar da aka haɗiye rabinta tana iya mayar da kalma wata daban, ko ta bar mai sauraro yana lalube. A wurare uku na kasa gane abin da dattijon ya ce, alhali karin harshenmu ɗaya.

Kotso ya fi kowa cutuwa. Da hannu ake kaɗa shi, kuma maganarsa tana cikin farkon bugun, wato ɗan ƙyas ɗin nan da yatsa ke yi a kan fata kafin amo ya biyo baya. Idan aka sa na'urar ta yi kamu cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, ƙyas ɗin take fara cinyewa, a bar ka da wani abu mai kama da dukan kwali. A ba ta jinkiri na kashi 20 zuwa 30, bugun ya wuce lafiya, sannan ta kama jelar amon. Muryar jagora kuwa matsa mai sauƙi ta ishe ta, a rage desibel 3 ko 4 a wuraren da ya ɗaga. Sanƙira ne kawai ya cancanci takunkumi mai tsanani, shi ma don kada ihunsa ya fasa ɗaukar.

Ga kuma janareta. Bayan an danne masu ƙarfi, dole a ɗaga komai sama don a cike giɓin, sai gurnanin injin da ke tsakar gida da kukan akuyar maƙwabta su taso tare da waƙar. Yawancin akwatunan nan suna da ƙyaure a kowane layi, wanda ke rufe makirufo idan mai shi ya yi shiru. Yana da amfani a layin sanƙira, tunda jefi-jefi yake magana. A layin amshi kuwa, idan aka tsananta, sai ya riƙa datse ƙarshen baiti.

Na san hujjar samarin, kuma ba ta banza ba ce. Waƙa a nan ta katin waya da Xender take yawo, a ƙaramar lasifikar waya ake jin ta, a tasha ko a kan babur. Wadda ba ta da ƙara sai a ce ba ta ɗauku ba. Turawa ma sun yi wannan tseren na tsawon shekaru, har ya kai ga a 2008 masoya ƙungiyar Metallica ta Amurka suka yi ca a kan faifanta Death Magnetic saboda an matse shi har sautin ya dagule. A 2010 ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta fitar da ma'aunin ƙara na bai ɗaya. Yau YouTube da Spotify suna sassauto da duk waƙar da ƙararta ta yi yawa zuwa kusan mataki guda da sauran. Wanda ya matse waƙarsa don ta fi ta kowa ƙara, idan ya ɗora ta a can za a mayar da ita daidai da ta kowa, hawa da saukar da ya zubar kuma ba za su dawo ba.

Shawarar da nake bai wa masu waɗannan ɗakuna ba ta buƙatar sayen komai. A ɗauki kowane layi daban, a adana na asali yadda ya shigo ba tare da an taɓa shi ba, a kan kati biyu idan da hali. Daga shi sai a fitar da kwafi mai ƙara don waya. Makaɗan kotso da suka rage a masarautun Zamfara galibi dattawa ne, kuma a mafi yawan lokuta saurayin da ke riƙe da maɓallin shi kaɗai ne zai taɓa ɗaukar su da makirufo huɗu.