Shin Ko Kun San? Ayarin Timia Yana Tafiya A Kan Tsohon Gidan Kifi

Shin ko kun san cewa ayarin raƙuman da ke tashi daga Timia, cikin duwatsun Abzin, ya keta Tenere zuwa Fachi da Bilma ɗaukar gishiri da dabino, yana taka ƙasar da a da can tafkuna ne? Yau mutanen Timia na ban ruwa ga lemo da rumman da ruwan rijiya, raƙumi na ja da guga, kuma kowane ɗigo da lissafinsa. Amma shekara 8,000 da suka wuce, mutumin wannan yanki da mashin ƙashi yake neman abincinsa, cikin ruwa.

Shin ko kun san inda shaidar ta fito? A shekarar 2000, Paul Sereno na Jami'ar Chicago yana neman ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da a Gobero, cikin jihar Agadas, sai ya ci karo da maƙabarta mai kabari kusan 200 a bakin wani busasshen tafki. Tare da mutanen akwai ƙugiyoyi da masu na ƙashi, da ƙasusuwan dorina da kada da kunkuru, da na giwan ruwa mai tsawon da ya kusa mita biyu. Giwan ruwa ba ya zama a kududdufi, sai ruwa mai zurfi mai iska. Ƙashinsa kaɗai ya isa ya faɗi irin tafkin da aka yi a wurin.

Shin ko kun san Tafkin Cadi na wancan zamani ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000? Abin da ya rage a ƙasan wancan ruwa, a kwarin Bodele na ƙasar Cadi, farar ƙura ce ta ɓawon ƙananan halittun ruwa. Hunturu na kwasarta, wani kaso ya sauka kan rufin gidajenmu, wani ya haye teku ya zama taki a dajin Amazon.

Shin ko kun san har yanzu akwai kifin da ya maƙale a Sahara? A tafkunan cikin duwatsun Ennedi da Tibesti ana samun tarwaɗa da karfasa, a tafkin Archei na Ennedi kuwa har da 'yan kadoji.

To, ga wadda ta fi ba ni mamaki. Tafkin Cadi ba shi da kogin da ke fitar da ruwansa, rana ce ke shanye mafi yawansa, amma bai zama ruwan gishiri ba. Dalili shi ne wani kaso na ruwan yana tsiyayewa ta ƙarƙashin ƙasa, ya tafi da gishirin, shi ya sa ake haƙar kanwa a gefen Kanem. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shigowa daga kogunan Shari da Logon yake, Komadugu Yobe da ta ratso Diffa da Bosso ɗan ƙari take yi.

Shin ko kun san fari ya sauya har irin kifin da ke cikin tukunya? A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, arewa da kudu, kuma a shekarun 1980 ya koma ƙasa da 2,000. Gigime, wadda a da jirgin ruwa ke tsayawa a bakinta, ta wayi gari nesa da ruwa. Masu binciken cibiyar ORSTOM ta Faransa, waɗanda ke auna kamun masunta tun kafin farin, sun ga yadda kifayen buɗaɗɗen ruwa masu hawa kogi don yin ƙwai suka ja baya, tarwaɗa da karfasa da bargi suka cika wurin. Tarwaɗa na iya shaƙar iska idan ruwa ya ɗumame ya yi laka. Gaiwa kuwa ta fi kowa dabara: takan shige cikin taɓo ta kwanta watanni, har ruwa ya dawo. Yawaitar tarwaɗar nan ce ta sa kwalin banda da ke fitowa daga Doron Baga galibinsa tarwaɗa ce.

A ganina, masu cewa tafkin ya mutu sun yi gaggawa. Yana ja da baya, yana dawowa, gwargwadon damina a can kudu. Masunta sun daɗe da sanin shekarar da ruwa ya malala sosai cikin fadamu ita ke kawo kifin baɗi, domin cikin ciyawar ambaliya 'ya'yan kifi ke girma.

Shin ko kun san an kafa Hukumar Tafkin Cadi ranar 22 ga Mayu, 1964, tsakanin Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru? Najeriya na da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, wadda ta samo asali daga aikin Tafkin Kainji a 1968. Sai dai rashin tsaro ya nisanta masu bincike da tsibiran tafkin, har aka hana kamun kifi a jihar Diffa daga 2015 zuwa 2019. Kira nake ga hukumomin ƙasashen huɗu: a sa matasa masu sikeli da littafi a kowace mashigar jirgi, su rubuta irin kifin da aka sauke da nauyinsa, kuma a zauna da sarakunan ruwa a ji abin da suka sani.