Bayani: Mene Ne Ƙarar Sakacin Lauya?

Ƙara ce da mutum ke shigarwa yana neman diyya daga lauyan da ya taɓa yi masa aiki, bisa zargin cewa sakacinsa ya jawo masa asara. Misali, lauya ya bar wa'adin shigar da ƙara ya wuce, ko ya tafka kuskure a takardar cinikin fili.

Faɗuwa a shari'a kaɗai ba hujja ba ce. Sai mai ƙorafi ya tabbatar cewa lauyan ya gaza yin abin da duk ƙwararren lauya zai yi, kuma gazawar ce sanadin asarar. A nan masu kare lauyan suka fi samun mafita, domin sukan ce ko ba kuskuren, dama shari'ar ba mai ciwuwa ba ce. Wasiƙu da bayanan da ke cikin fayil su ne manyan shaidu, shi ya sa lauya mai wayo ke rubuta duk shawarar da ya bayar.

Ingila ta soke kariyar da ke hana neman diyya daga lauyoyi kan aikinsu a gaban alƙali a 2000. A Najeriya kuwa, sashe na 9 na Dokar Lauyoyi ta 1975 ya bar wannan kariyar, amma ya halatta neman diyya kan sauran ayyukansu.