"Kuna ji na?": taron waya daga Gusau zuwa Wonaka

Ranar 13 ga Mayun 2020, ana tsakiyar kullen korona, Shugaba Buhari ya jagoranci zaman majalisar zartarwa ta bidiyo karo na farko. A Zamfara kuwa, ba annoba ce ta zaunar da irin wannan taro ba, hanya ce. Ƙungiyar manoma ko ta malamai mai mambobi a Tsafe da Bungudu da Wonaka, kafin ta tara su a Gusau sai ta lissafa kuɗin mota, ta ɗora da fargabar 'yan bindiga.

Inda gizo ke saƙar shi ne mai kiran taron yawanci yana birni, sabis ɗinsa cike, sai ya ce kowa ya kunna kyamara. Na ƙauye kuma yana tsaye a kan tudu da sanda ɗaya a wayarsa, cajin da ya biya a shago yana tafiya. Hoto na cin data ninkin abin da murya ke ci sau da yawa, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin ɗari a farashi. A ganina, da ma'aunin mai raunin sabis ya kamata a tsara taro: murya kawai, ajanda ta riga kowa isa ta WhatsApp.

Murya kan ɗan makara kafin ta iso, shi ya sa mutum biyu ke farawa tare, su yi shiru tare. Maganinsa shugaba ya riƙa kiran suna, saura su rufe makirufo. Kuwwar nan mai huda kunne kuwa, galibi wayoyi biyu ne a ɗaki ɗaya. Sai gaisuwa. Ba mai son a ce ya raina manya, amma Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa. In kowa ya tambayi iyali da gajiya, rabi ya tafi. Dattijo ɗaya ya gaisa a madadin kowa.

Saboda 'yan bindiga kuma, kada a faɗi ranar tafiyar wani ko adadin kuɗi a taron da ba a tantance mahalartansa ba.

A Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, Gusau ba ta samu nata ba sai farkon Oktoba, ƙauyuka suka jira har ƙarshen Nuwamba. Don haka sakatare ya rubuta abin da aka yanke a takarda, ya kuma tura shi da saƙon murya ga waɗanda layinsu ya yanke ana tsaka da magana.