Birkin da ke cikin ƙwayar halitta, da abin da ke tsinka shi

Jikin babban mutum yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, kuma duk daga ƙwaya guda suka samo asali, wadda ta yi ta rabuwa biyu-biyu tun a mahaifa. Har yanzu rabuwar ba ta tsaya ba, domin fata da hanji da ɓargo kullum sabunta kansu suke yi. Sai dai abin yana da ƙa'ida: ƙwaya za ta girma, ta kwafi kundin gadonta, wato DNA, ta duba kwafin, sannan ta rabu. Rushewar wannan ƙa'ida ita ce tushen ciwon daji.

A cikin kundin akwai umarni wajen 20,000 na ƙera furotin, amma ba duka ake karantawa lokaci ɗaya ba. Akwai wasu furotin na musamman da ke manne wa DNA, su buɗe sashen da za a karanta, su rufe wani. Biyu daga cikinsu, E2F da p53, suna cikin manyan masu yanke hukuncin ko ƙwaya za ta rabu ko za ta dakata.

Mutumin Potiskum, garin tireloli, ya san mota ba ta tafiya lafiya sai da totur da birki. E2F shi ne totur, domin shi ke buɗe umarnin kwafar DNA. Wani furotin mai suna Rb yana riƙe da shi har lokaci ya yi. A nan ne sinadarin CDK, tare da abokin aikinsa saikilin, ke liƙa wa Rb fosfet, sai ya saki E2F, kwafa ta kankama. Gano CDK da saikilin ne ya ba Leland Hartwell da Tim Hunt da Paul Nurse kyautar Nobel a 2001.

Birkin kuwa shi ne p53, wanda aka gano a 1979. Da zarar DNA ya sami rauni, p53 zai taru, ya buɗe umarnin ƙera p21, shi kuma ya danne CDK, rabuwa ta tsaya har a yi gyara. In ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, p53 ya sa ƙwayar ta kashe kanta. A kusan rabin cututtukan dajin ɗan Adam, ana samun wannan birki a lalace.

To, me ke tsinka shi a ƙasarmu? Na farko yana cikin rumbu da buhu. Gyada da masarar da aka adana da danshi kan yi fumfuna, ita kuma ta fitar da dafin da ake kira afulatoksin. Hanta na sarrafa dafin, sai ya koma wani sinadari da ke manne wa DNA. A 1991 masu bincike suka duba sankarar hanta daga Sin da kudancin Afirka, suka tarar umarnin p53 ya gurɓace a wuri guda, gurbi na 249. An sake ganin wannan tabo a Gambiya. Haɗarin yana ninkuwa sosai ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Dafuwa ba ta kawar da dafin, don haka yana iya bin gyada har cikin ƙuli-ƙuli. Saniyar da aka ba abinci mai fumfuna ma tana fitar da wani nau'insa a nono. Gari kamar Potiskum da ke da babbar kasuwar hatsi da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma bai kamata ya yi sake da wannan ba.

Na biyu ƙwayar cutar HPV ce, mai haddasa sankarar bakin mahaifa. Tana ƙera furotin biyu: E6 ya sa a ruguza p53, E7 ya kama Rb ya saki E2F. Ƙwaya ta shiga rabuwa ke nan babu mai tsayar da ita, kuma abin kan ɗauki shekaru kafin mace ta ga alama.

Duka biyun ana iya tare su. Manomi ya busar da amfanin gona sarai a kan tamfol maimakon ƙasa, ya ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Uwargida ta tsince gyadar da ta canza launi ko ta yi ɗaci, ta zubar, kada a ba dabbobi. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don rage dafin. Allurar ciwon hanta nau'in B tana cikin rigakafin yara, kuma an fi son a yi ta farko cikin sa'o'i 24 da haihuwa. Tun Oktoban 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta.

Iyaye, ku kai jarirai da 'yan mata asibiti a yi musu waɗannan allurai, ku ma ku yi gwajin ciwon hanta. Rigakafi ya fi magani.