Lilon Disney, Dogon Layi da Kuɗin Tsallake

A ƙasar Amurka, cikin jihohin Kalifoniya da Fulorida, akwai waɗansu manyan filayen nishaɗi na kamfanin Disney, waɗanda magidanta kan kwashi iyalansu tun daga nesa, su kashe abin da suka daɗe suna tarawa, ba don kome ba sai don su hau lilo iri iri: wani ɗan jirgin ƙasa ne mai tsala gudu bisa dogo, yana hawa yana gangarowa, wani kwalekwale ne mai ratsa kogo cikin duhu, wani kuwa shawagi yake yi da mutum bisa garin kwaikwayo. Filin farko, watau Disneyland, an buɗe shi a garin Anaheim ranar 17 ga Yuli, 1955. Na biyu, Walt Disney World, an buɗe shi kusa da Orlando ranar 1 ga Oktoba, 1971, kuma sashe guda kaɗai daga cikinsa, wanda ake kira Magic Kingdom, ya karɓi baƙi fiye da miliyan 17 a shekarar 2023. Duk inda jama'a ta kai haka, alhali kujerun hawa ƙididdigaggu ne, babu makawa sai an yi layi, kuma wannan layi shi ne a yau ya zama haja wadda ake sa mata farashi.

Sha'anin layi ilmi ne mai zaman kansa, ko da yake mai tsayuwa cikinsa ba ya ganin kome sai ƙeyar na gabansa. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Danmak, Agner Erlang, shi ya aza harsashinsa a 1909, sa'ad da yake wa kamfanin tarho na birnin Kofanhegan aiki, yana neman sanin wayoyi nawa za su wadatar da masu kira. Daga baya, a 1961, wani malami Ba'amurke, John Little, ya tabbatar da ƙa'idar da ke ɗaure abubuwa uku wuri guda, watau yawan masu jira, da saurin da ake sallamarsu, da tsawon jiran kowannensu. Misalin abin kamar mafitar kogi ne: in kwalekwalen mai fito na ɗaukar mutum ashirin a sawu, to, kome cikar gaɓa da kome hayaniyar masu jira, ashirin ɗin nan zai ɗauka. Haka kowane lilo yake da iyakar mutanen da yake iya ɗauka cikin sa'a guda, bisa ga yawan kujerun tarago da tazarar da ke tsakanin tashin wannan da tashin wancan. Akwai masu kwashe dubu biyu ko uku a sa'a, kamar kwalekwalen Pirates of the Caribbean, akwai kuma irin su Peter Pan's Flight waɗanda ba su kai rabin haka ba, shi ya sa layinsu ba ya yankewa ko da ba su fi sauran daɗi ba.

A zamanin farko kamfanin ya bi wata dabara ta rarraba jama'a, wadda in an dube ta da idon basira ba ta rasa hikima ba. Kuɗin shiga fili kaɗan ne, dala guda ga babba a shekarar buɗewa, amma kowane lilo da nasa tikiti, an jera su daraja daraja da haruffa, tun daga A na ƙananan abubuwa har zuwa E, wanda aka ƙaro a 1959 don manyan da kowa ke ɗoki; da yake tikitin E ƙididdigagge ne cikin ɗan littafin da mutum ya saya, tilas ya yi tattalinsa, ya kashe sauran a wuraren da ba cunkoso. A 1982 aka soke wannan tsari, aka ce a biya a bakin ƙofa sau ɗaya a hau abin da aka ga dama. Jama'a suka yi murna, sai dai kowa ya nufi manyan, layinsu ya miƙe har ya zama sai an nannaɗe shi tsakanin shingaye, an ƙawata hanyarsa da hotuna da kiɗa don kada mai jira ya ƙosa.

A 1999 aka fito da abin da aka kira FastPass, wanda kyauta ne ga duk wanda ya shiga fili: mutum ya sa tikitinsa cikin wata na'ura a bakin lilo, ta ba shi 'yar takarda mai ɗauke da lokaci, ya tafi yawonsa, in lokacin ya yi ya komo ya bi gajeriyar hanya. Ba don tausayi kaɗai aka yi haka ba, gama wanda ke tsaye a layi ba ya sayen abinci ko tsaraba. Amma duk da haka akwai adalci a ciki, tun da yake mai hali da maras hali duk sammako ne ke raba su. Bayan annobar korona ta sa an rufe filayen a watan Maris na 2020, da aka sake buɗewa FastPass bai komo ba. A Oktoba 2021 aka maye gurbinsa a Fulorida da Genie+, a kan dala 15 kowane mutum kowace rana, a Kalifoniya kuma dala 20 daga watan Disamba, ban da waɗansu manyan lilo da sai an biya musu dabam. Ba a jima ba farashin ya shiga hawa da sauka gwargwadon cikar rana. A Yuli 2024 aka sāke masa suna da fasali a Fulorida, ya koma Lightning Lane Multi Pass, sa'an nan a Oktoba 2024 aka ƙaro wani mai suna Premier Pass, wanda ke ba mutum damar tsallake layin kowane lilo sau ɗaya ba tare da an yanka masa lokaci ba, kuɗinsa kuwa yakan kai dala 449 a Magic Kingdom a ranakun cikowa, ban da kuɗin ƙofa. Ba Disney ne ya fara wannan ciniki ba, filayen Universal da na Six Flags sun riga shi da shekaru masu yawa. Nasa ya fi yin zafi ne don abin da aka saba samu kyauta shekara ashirin aka wayi gari ana sayarwa.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi lissafi, domin hanyar tsallake ba ta ƙara wa lilo ko kujera guda ba, rabon kujerun da ke akwai kurum ta sāke. A ƙaddara lilo na ɗaukar mutum 1,200 a sa'a, kana da mutum 600 a gabanka. In layi ɗaya ne, rabin sa'a za ka yi. Amma in ma'aikacin da ke tsaye a mahaɗar layukan biyu yana shigar da huɗu daga masu biya kafin ya shigar da ɗaya daga naku, to, rabonku ya koma 240 a sa'a, mutum 600 ɗin nan kuwa sun zama jiran sa'a biyu da rabi, ba tare da ko mutum guda ya ƙaru a gabanka ba. Kowace daƙiƙa da mai biya ya tsira da ita, daga jikin wani aka yanko ta, kuɗin kuwa ba wanda aka yanka ne ya karɓa ba.

Sai kuma batun gyara, wanda shi ne ginshiƙin maganar, ko da yake shi ne baƙo ba ya gani. Bayan an rufe ƙofa da dare, an share fili, sai makanikai da masu aikin lantarki da masu walda su shiga, su bi dogo da ƙafa da fitila suna duban tsaga, su gwada birki, su auna cinyewar tayoyi, su duba kowane noti da sandar da ke danne fasinja, su shafa giris, da asuba kuma a sallami taragu babu kowa ciki su yi zagaye kafin a sa hannu a takarda a ce lilo ya halatta a hau. Lokaci lokaci akan kwance tarago ɗungum, a binciki ƙarafunsa da na'urori masu gano tsagar da ido ba ya gani, wani lilon ma a rufe shi wata da watanni. Dogon kansa an rarraba shi yanki yanki, kowane yanki da birkinsa a ƙarshe, kuma kwamfuta ba ta yarda tarago ya shiga yanki sai wanda ke gabansa ya fita. In na'ura guda daga ɗaruruwan da ke sa ido ta ba da labarin da bai dace da na 'yan'uwanta ba, sai kome ya tsaya cik. Saboda haka galibin tsayawar da baƙi ke kira lalacewa, a haƙiƙa taka tsantsan ne. Wani lokaci ma dalilinsa bai wuce hular da iska ta jefa kan dogo ba, ko dattijon da ya daɗe kafin ya sauka har taragu suka taru a bayansa, ko tsawar damina, wadda Fulorida ta yi suna da ita.

Abin da sakaci da wannan amana ke jawowa ba ɓoyayye ba ne. Ranar 5 ga Satumba, 2003, a Disneyland, jirgin Big Thunder Mountain ya yi hatsari cikin kogo, saurayi guda ya rasu, mutum goma suka ji rauni, kuma binciken hukumar jihar Kalifoniya ya nuna cewa ba a ɗaure waɗansu notuna na ƙafar kan jirgin yadda ya kamata ba, ba a kuma sa wayar da ke hana su kwancewa ba, ga shi masu kula da lilon sun ji baƙon ƙara tun kafin abin ya auku amma ba su fitar da jirgin nan take ba. A Ingila kuwa, a filin Alton Towers, ranar 2 ga Yuni, 2015, wani tarago maras kowa ya maƙale a tsakiyar dogon lilon Smiler, kwamfuta ta yi aikinta ta tsai da na bayansa, amma injiniyoyi, bisa zaton kuskure ne na na'ura, suka ƙetare umurninta da hannu, tarago mai mutum 16 ya je ya gwabza wa wancan, har aka yanke wa 'yan mata biyu ƙafa. Kotu ta ci kamfanin Merlin, mai filin, tarar fam miliyan 5 a shekarar da ta biyo. Wanda ya san waɗannan labaru ba zai yi fushi da ma'aikacin da ya tsai da lilo don shakka ba, ko da ya yi sa'a biyu yana jira.

Amma tsayawar tana da farashi, kuma tambayar ita ce wa ke biyansa. Lilon da ya tsaya sa'a guda, kujerunsa 1,200 na wannan sa'a sun tafi ke nan har abada, mutanen da za su hau kuwa ba gida suka koma ba, layukan maƙwabta suka kwarara. Wanda ya biya kuɗin tsallake ba ya asara, gama akan ba shi izinin komowa in an gyara, ko ya je ya tsallake a wani lilon. Saboda haka da zarar an sake buɗewa sai masu izinin sa'ar da ta wuce su haɗu da na sa'ar da ake ciki, ma'aikacin mahaɗa ya karkata rabo wajensu don ya rage su, layin gama-gari kuwa ya kusa daina motsi. Ga shi sababbin lilo sun fi na dā wuyar sha'ani: Rise of the Resistance, wanda aka buɗe a Fulorida a Disamba 2019, taragunsa ba su bin dogo, kwamfuta ke jan ragamarsu, ga lif, ga mutum-mutumi masu motsi, kowanne kuwa ya ƙi aiki yana iya tsai da sauran. A ƙarshen 2022 jaridar Wall Street Journal ta ba da rahoton cewa tsayawar ba zata ta ƙaru ƙwarai a filayen biyu in an gwada da 2018, kamfanin kuwa ya musa, ya ce ƙididdigar da aka dogara da ita ba cikakkiya ba ce.

Ban ce kamfanin yana ƙin gyara da gangan ba, kuma ba ni da hujjar faɗin haka. Munana zato ba tare da dalili ba zalunci ne, balle ga mutanen da ke kwana bisa dogo don wasu su hau lafiya. Abin da na ce shi ne an ƙulla ciniki ta yadda aibin haja ke ƙara wa mai ita riba, domin gwargwadon tsawon layi gwargwadon yadda tsallake ke yin daraja, kuma manhajar da ke nuna maka a wayarka cewa jiran minti 120 ne, ita ce dai ke miƙo maka wurin da za ka latsa ka biya. Masu bin diddigin waɗannan filaye sun daɗe da lura cewa lokacin da ake rubutawa a allo yakan ɗara wanda ake jira a zahiri. A dā ana iya cewa hikima ce, don baƙo ya fito yana murna ya sami sauƙi, amma tun da aka fara sayar da tsallake sai mai auna jira da mai cin ribarsa suka zama mutum guda, shari'a kuwa ba ta karɓar shaidar wanda ke da amfani cikin abin da yake shaida a kai.

Fuƙaha'u sun yi bayani cewa a wuraren da jama'a suka yi tarayya, kamar sahun masallaci ko mazaunin kasuwa, wanda ya riga shi ya fi cancanta. Amma ƙiyasin filin Disney a kan waɗannan ba zai miƙe ba, don mulkin kamfani ne, mai abu kuwa yana da ikon ya sayar da daraja biyu kamar yadda ake yi a jirgin sama. Inda maganar take da ƙarfi shi ne wajen jahilcin abin saye. Magidancin da ya biya wa iyalinsa kuɗin ƙofa kaɗai bai san kaso nawa na kujeru aka keɓe wa masu tsallake a ranar ba, bai san izini nawa aka sayar ba, bai san sa'a nawa kowane lilo ya yi a tsaye a watan da ya wuce ba, alhali waɗannan uku su ke yanke yawan abin da 'ya'yansa za su hau kafin magariba, kuma dukansu rubuce suke wurin kamfani. Hukuma ma ba ta cika tambaya ba: tun 1981 aka cire lilon da ke kafe wuri guda daga hannun hukumar tarayya mai kula da lafiyar kayan masarufi, aka bar wa jihohi, jihar Fulorida kuwa ta ɗauke wa filayen da ke da ma'aikata fiye da 1,000 da masu binciken kansu nauyin binciken gwamnati, abin da suke kai mata shi ne rahoton waɗanda suka ji rauni ko suka yi rashin lafiya har aka kwantar da su asibiti, bayan kowane wata uku.